Amsa: Kyautata hoton Minecraft a kwamfuta marar ƙarfi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan Minecraft zai yi kyan gani a laftof ɗinka mai RAM gigabait 4 ba tare da yana sarƙewa ba. Zai yi, matuƙar ka fara da sauke wa na'urar nauyi kafin ka nemi ado. Idan nau'in Java kake bugawa, ka ɗora Fabric (manhajar da ke ba da damar saka wa wasan ƙari) tare da Sodium (ƙarin da ke sa wasan sauri), a cikin saitin wasan ka rage nisan hange zuwa yanki 6 ko 8, ka kashe gajimare, sannan ka danna F3 ka duba yawan hotunan da ke fitowa a daƙiƙa guda. Sai sun zauna a sama da 30 za ka gwada Iris (ƙarin da ke ba da damar saka kunshin haske da inuwa) da kunshin haske da inuwa mafi sauƙi, kuma ina ganin kunshin zane mai 32x (wanda zanensa ya fi na asalin wasan fitowa sarai) ya fi na haske da inuwa amfani a irin na'urarka.

Sharaɗin da ake mantawa da shi shi ne zafi. A watan Afrilu a nan Kano laftof ɗina ta riƙa ja da baya bayan ɗan lokaci, ashe ƙurar hunturu ce ta toshe fankarta. Da aka busa ta, na daina ɗora ta a kan katifa, na kuma riƙa jona caja idan akwai wuta, sai wasan ya daidaita.