Amsar tambayarka kan mu 'yan zango da cocin Kumasi

Malam, tambayar da ka yi cewa wai ya aka yi mu Hausawan Gana muke kai yaranmu makarantun mishan, har babban limaminmu na ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Katolika a Akara a 2019 da ya cika shekara 100, wallahi ban ga laifinka ba, don wanda yake Kano in ya ga hotonsa a cikin cocin dole ransa ya ɗan sosu. Amma bari ka ji yadda coci ta shigo garin nan na Kumasi tukuna, sai ka fi gane zamanmu da Kiristoci.

Musulmi sun riga su zuwa, wannan ko su ba sa musu. Tun kafin wani ɗan mishan ya taka Kumasi akwai malamai a fadar Sarkin Tonawa, wato Asante masu ƙasar, suna rubuta masa wasiƙu da Larabci suna masa layu, fatakenmu kuma na ta ɗaukar goro daga Salaga zuwa ƙasar Hausa. Su 'yan mishan ta bakin teku suka ɓullo, kuma zazzaɓi ya ci su ba kaɗan ba, 'yan mishan ɗin Basel huɗu da suka sauka Osu ta Akara a 1828 duk sun mutu cikin 'yan shekaru, na Metodis na farko da ya zo Cape Coast a 1835 ko shekara bai yi ba. Wanda ya fara isowa Kumasi shi ne Thomas Birch Freeman a 1839, ubansa baƙar fata uwarsa Baturiya, sai da aka tsare shi makonni a Fomena kafin Sarki Kwaku Dua ya ce ya shigo. Ya dawo a 1841 har da keken doki kyauta ga sarki, an karɓa an ba shi wuri, amma maganar makaranta da barin al'ada Tonawa suka toshe kunne.

Wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne Ramseyer, mutumin Siwizalan. A 1869 mayaƙan Tonawa suka kama shi a Anum da matarsa Rosa da jaririnsu, aka koro su a ƙafa har Kumasi, yaron ya rasu a hanya, suka yi sama da shekara huɗu a tsare sai 1874 da yaƙin Ingila ya matso aka sake su. To kai da ni da an ce mu koma garin da aka yi mana haka ai sai dai a mafarki, shi kuwa ya je ya kafa tasha a Abetifi a 1876 yana jiran ƙofa ta buɗe, shekara ashirin fa, sai 1896 da Turawa suka kama Sarkin Tonawa Prempeh ya dawo Kumasi ya kafa coci. A 1900 lokacin yaƙin da Yaa Asantewaa ta ja Tonawa suka yi da Turawa aka sake ritsa shi cikin ganuwar Turawa tare da gwamnansu, kuma sojojin da suka fasa suka fita da su yawancinsu Hausawa ne, kaga ashe tarihinmu ya cakuɗe da nasu tun can. Cocin da ke ɗauke da sunansa na nan a unguwar Adum har yau, in za ka kasuwar Kejetia ba nisa. Addininsa daban nawa daban, amma naciyar mutumin nan ban iya raina ta ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, a nan mu da su duk baƙi ne a ƙasar mai ƙasa. 'Yan Basel sukan ware wa mabiyansu unguwa su kira ta Salem, mu kuma aka ba mu zango, Sarkin Zango na zuwa gaisuwa Manhiya fadar Sarkin Tonawa, fastoci ma na zuwa, babu wanda ya ci wani da yaƙi balle ya ce garin nasa ne. Shi ya sa a unguwar Aboabo ko Asawase zaka ga gida ɗaya ɗakin nan Alhaji ɗakin can mai waƙa a coci, famfo ɗaya. Ranar Kirsimeti maƙwabciya ta san ba ma cin yankansu sai ta aiko da kaza da ranta da shinkafa ɗanya, ran layya mu aika musu nama. In an yi musu rasuwa ranar Asabar mukan je, mu bi layi mu gaisa daga dama zuwa hagu yadda suke yi, mu ba da gudummawa a rubuta, kafin a fara giya mun taso.

Maganar makaranta kuwa ita ce mai ciwo. Kakanninmu sun ƙi kai yara don tsoron a canza musu suna da addini, kuma tsoron ba na banza ba ne, an yi hakan. Amma mun biya kuɗinsa da tsada, ofis da asibiti da kotu duk suka cika da yaran da mishan ta koyar, namu suna dako da gadi da yankan nama. Yanzu akwai makarantun Turanci da Larabci namu ƙarƙashin gwamnati, amma manyan sakandare masu kyau da yawa har yau na coci ne, dole yaro in ya ci jarrabawa ya je. Sai mu ɗaure shi da allo tun yana ƙarami, Asabar da Lahadi yana gaban malam. Rigima na tasowa kam, a 2021 wata makarantar 'yan mata ta mishan ta hana ɗaliba azumi, zango ya ɗau zafi sosai, ofishin babban liman da shugabannin coci da hukumar ilimi suka yi ta zama a kai, kuma har yanzu maganar hijabi da wurin sallah a irin makarantun nan ba ta gama mutuwa ba, muna kai.