Ɗana ya koma shiru-shiru tun da muka zo Ingila

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto cewa 'yan aji suna kwaikwayon maganar ɗanta mai shekara 14, sun cire shi daga zaurensu na WhatsApp, yanzu duk Litinin sai ya ce cikinsa na ciwo. Mahaifinsa ya ce a mayar da shi Kano wurin baffansa, ita kuma tana tsoron kada ƙorafi ya taɓa musu biza.

'Yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ƙorafi a makaranta ba shi da alaƙa da biza. Dokar ilimi ta 2006 ta wajabta wa makarantun gwamnati a Ingila tsarin hana cin zali, dokar daidaito ta 2010 kuma ta haramta wariyar launin fata. Ki rubuta wa malamin ajinsa ta imel, da kwanan wata da hoton duk wani saƙon tsokana da suka tura masa. In aka yi burus, sai shugaban makaranta, sannan hukumar gudanarwarta. Kada ki ajiye shi a gida ba izini, ana cin tara, daga fam 80.

Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaicin. A Kano, yaron da aka tsangwama a makaranta yana dawowa ya tarar da kaka, da 'yan'uwa, da abokan ƙwallo a ƙofar gida, kafin magariba ya huce. A nan kina aikin dare, shi kuma ya rufe ɗaki, masu tsokanar suna biyo shi har cikin waya. Juriya ba ta tsirowa a haka. Kada a ce masa "kai fa namiji ne", zai ɗauka laifinsa ne, ya ƙara yin gum. Ki zauna da shi ko wajen cin abinci ne, ki saurara har ya kai aya. Ki nema masa inda ake murna da zuwansa, islamiyyar Asabar ko kulob ɗin ƙwallon unguwa. Aboki ɗaya na kirki yana rage masa nauyi sosai.

Batun Kano, ku tambaye shi tukuna. In aka tura shi ba da sonsa ba, zai ga an kore shi sau biyu. Ya riƙa gaisawa da baffan nasa ta bidiyo.

In barci ko cin abinci ya gagare shi, ko ya ambaci cutar da kansa, ki kai shi wurin likitanku na iyali (GP) ba jinkiri. Shi ma zai iya kiran Childline, layin wayar taimakon yara, kyauta a 0800 1111.