Za mu zaga dangi a Turai da mota mai ɗaki, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni 'yar Kano ce, ina aikin nas a Manchesta shekara shida kenan, ni da maigida da yaranmu uku, babban yana da shekara 11, mai bi masa 8, autar 4. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana Brussels, ƙanwar maigida tana aure a Hamburg, sai aminiyata tun makarantar kwana tana bayan garin Faris, wallahi rabon da mu haɗu har kunyar faɗa nake. Mun lissafa kuɗin jirgi da otal na mutum biyar abin ya fi ƙarfinmu, kuma duk cikinsu ba mai gidan da zai ɗauke mu. Shi ne maigida ya ce mu yi hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, kamfaban, mu yi sati biyu muna zagawa a hutun Agusta. Ni dai gabana faɗuwa yake, na farko takardu don fasfonmu har yanzu koren Najeriya ne, na biyu kada Yaya ya ce mun raina gidansa. Don Allah ki ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka da alheri da kika damu da zumunci haka. Ku tafi, shawarar maigidanki mai kyau ce, ni ma na taɓa yin irin wannan tafiyar da iyalina kuma har yau yarana suna zancenta. Amma tsoronki na biyu shi ya fi tsaya min a rai, don haka bari in sallami takardu tukuna sai mu zauna a kansa.

Izinin zama a Ingila ba ya shigar da mai fasfon Najeriya Faransa ko Jamus, sai da bizar Shengen, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum yawancin ƙasashen Turai, kowa da tasa har autar. Ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa a ciki shi za ku nema, in kwanakin sun zo daidai sai na ƙasar da za ku fara shiga. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, autarki kyauta, ban da abin da kamfanin karɓar takardu zai ɗora. Ana so a ga inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, a ga kuma inda za ku kwana kowane dare, a nan ne masu kamfaban ke tuntuɓe, "a mota za mu kwana" ba adireshi ba ne, sai kun nuna shaidar kama wuri a sansanin motoci ko takardar gayyata daga 'yan'uwan, a Faransa ma aminiyarki ofishin magajin garinsu za ta je a yi mata ita. Ana iya nema tun saura wata shida, to ku nema da wuri, layin bazara ba shi da kyau. Kuma tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoto da zanen yatsa a bakin iyaka, ku sa wannan jiran a lissafin lokaci.

Wajen haya, tun kafin ku biya sisi ku gaya musu za ku ƙetara da motar, ba kowane kamfani ke yarda ba, wanda ya yarda zai ba ku takardar VE103 da ke nuna da izininsu kuka fita, ku tambayi inshora da ta ɗaukar mota in ta lalace a hanya ko sun kai Turai. A bayan mota a manna alamar UK, tsohuwar GB ta daina aiki tun 2021. Abu biyu ne nake so ki riƙe da kyau don 'yan'uwanmu ba sa lura da su. Yawan gado daban, yawan kujera mai bel daban, za ki ga mota an rubuta tana kwanar da mutum shida alhali kujerun tafiya huɗu ne kacal, ku biyar ne, kujera biyar masu bel kuke nema, kuma ba a barin yaro kwance a gado mota na tafiya ko da kuka yake. A Jamus yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 150 ba sai da kujerar yara, ki auna babban naki ma. Na biyu nauyi. Lasin ɗin mota na yau da kullum kilo 3,500 ne iyakarsa, kuma a cikin wannan har da ku kanku da ruwan tanki da gas da tukwane, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga mu kuma da tsaraba, buhun shinkafa nan galan ɗin manja can atamfofi akwati guda, kafin ki ankara kun wuce ƙa'ida. Ki tambayi kamfanin kilo nawa ya rage na kaya ki rubuta a takarda.

Ƙetarawa ba wuya, jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais kamar awa ɗaya da rabi, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku daga Folkestone minti 35, ko wanne kuka bi a rufe tukunyar gas. Da kun sauka tuƙi ya koma hannun dama irin na gida, Najeriya ma tun 1972 ta koma dama, sai dai sitiyarin motarku na dama ne, wajen wuce wata mota maigida ba zai ga gaba sosai ba, ke ce idonsa, ba barci a kujerar gaba. Daga Calais zuwa Brussels kusan kilomita 200, daga nan zuwa Hamburg kusan 600, wannan kada ku yi shi a yini ɗaya da yara, ku raba biyu. Manyan titunan Beljiyam da Jamus ba kuɗin toll ga irin motarku, na Faransa akwai kuma mota mai tsayi ta fi ƙarama biya. Brussels tana da dokar hayaƙi, motar da ke da lambar waje sai an yi mata rajista a intanet, haka Antwerp da Ghent, in kun manta tara ce za ta biyo ku har gida ta hannun kamfanin haya. Garuruwan Jamus da dama irin su Kolon da Berlin sai da koriyar sitikar dokar hayaƙi a gilashi. Faris kuwa shawarata kada ku shiga cikinta da motar sam, tituna matsattsu, gidajen fakin da yawa ƙofarsu ba ta wuce mita biyu ba motarku kuma ta doshi uku, ku ajiye ta a sansani a bayan gari ku hau jirgin ƙasa.

To yanzu maganar Yaya.

Lokacin da muka yi tamu tafiyar akwai kawuna a Beljiyam, dattijo ne ya fi shekara talatin a can, ɗaki biyu da falo a hawa na uku. Ni a zuciyata sauƙi na kawo masa, ban gaya masa komai ba sai dai ya gan mu. Muka ci tuwo muka yi hira har dare, da na miƙe na ce Kawu sai da safe za mu sauka mota, sai na ga ya ajiye kofin shayin hannunsa ya yi shiru. Ashe tun da rana matarsa ta kwashe yaransu ta kai su gidan maƙwabta, ta wanke zannuwan gado ta goge, ta turara ɗakin, har da sabon buta a banɗaki da ledarsa ba a cire ba. Ya ce min, yanzu 'yar nan in aka ji a gida kin zo garin da nake kin kwana a titi, me zan ce wa mahaifiyarki? Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ba girman ɗaki ne a ransa ba, saukar baƙo haƙƙinsa ne kuma mutuncinsa ne, ga wanda ya daɗe a ƙasar mutane kuwa wata rana shi ne kaɗai abin gida da ya rage masa a hannu, ni kuma na zo da mota zan ƙwace.

Don haka ki kira Yaya tun yanzu, kira na baki ba saƙon WhatsApp ba, kuma kada ki fara da cewa gidanka ya yi kaɗan ko ba ma son mu takura muku, wannan kalmar takura ita ke ɓata komai. Ki ce Yaya mun samu mota mai ɗaki saboda hanya da yara, in mun iso wajenka yadda ka tsara haka za a yi. Ki bar masa hukuncin. Abin da ya yi mana daidai daga baya shi ne ni da ƙananan yara muka kwana a cikin gidan, maigida da samarin gidan suka kwana a mota, su yaran Kawu ma rububin motar suka riƙa yi. Abinci kuwa kada ki kuskura ki ɗora tukunya a mota kina ƙofar ɗan'uwa, abin da aka dafa a gidan shi za ku ci, in kina son taimakawa ki shiga kicin tare da matar Yaya, ki yi cefane ba tare da kin tambaya ba. Gidan ƙanwar maigida ki ƙara taka-tsantsan, gidan surukai ne ta wajenta, shi maigida ya yi magana da mijinta namiji da namiji.

Ki kuma tambayi kowannensu inda za a ajiye mota mai tsawon mita shida ko bakwai a unguwarsu, don su ne za su zauna da maƙwabta bayan kun tafi, kada ku jawo musu ƙorafi. Ba ko'ina ake kwana a bakin titi ba, a Holan an hana kwana a mota a wajen sansani in har kun bi ta can, Faransa da Jamus kuwa cike suke da wuraren da aka ware wa irin motocin nan da ruwa da wuta da wurin zubar da ƙazanta, manhajar park4night za ta nuna muku na kusa. Kuma kwana uku a kowane gida ya isa, mutanen nan suna fita aiki da asuba.

TAMBAYA: Anti ni ma muna shirin irin wannan tafiyar daga Landan, an kawo min kilishi da dambun nama daga gida ina so in kai wa 'yan'uwa a Jamus, tunda a firjin mota zai zauna ai ba matsala ko?

AMSA: Akwai matsala ɗan'uwa. Tun Janairun 2021 ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai daga Ingila da nama ko madara ko abin da aka yi da su, busasshe ko ɗanye, kilishi da dambu da man shanu duk sun shiga ciki, kuma firjin kamfaban na cikin wuraren da ake buɗewa in an tsayar da kai. Madarar jarirai kam an yi mata sassauci a dokar. A Afrilun 2025 Ingila ita ma ta hana shigo da naman shanu da tumaki da awaki da madara daga Turai saboda cutar dabbobi, ka duba ko dokar na nan kafin ka cika firji a dawowa. Ku ci kilishinku a gida, ka kai musu turare da yadi da huluna, nama kuwa mahautan halal na Turkawa da Larabawa suna nan a duk babban gari.

TAMBAYA: Malama ya batun sallah da tsarki a irin wannan mota? Mahaifiyata za ta bi mu kuma ba ta wasa da lokaci.

AMSA: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana yin ƙasaru, azahar da la'asar da isha raka'a bibbiyu, in kuma kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya sai ku cika. Farilla a tsaya a yi ta a ƙasa, wuraren hutawa na kan manyan tituna suna da fili da ciyawa, a shimfiɗa darduma a gefen mota. A sabunta manhajar lokacin sallah duk garin da aka shiga, don a Hamburg farkon Agusta magariba tana kaiwa ƙarfe 9 na dare. In Juma'a ta same ku a Faris ku kai ta babban masallacin da aka buɗe tun 1926, za ta ji daɗi.

Ruwa ne zai ba ku aiki. Tankin yawancin motocin nan bai wuce lita 100 ba, mutum biyar ko shida kowa da alwala biyar ga tsarki ga wanke-wanke, kwana biyu ya ƙare, tankin banɗaki kuma ƙarami ne, da buta yana cika da wuri fiye da yadda kamfani zai gaya muku, kullum da safe a zubar a wurin da aka tanada. Ku riƙe jarka guda ta alwala daban, a saya wa Hajiya 'yar kujera mai naɗewa ta zauna a waje ta wanke ƙafa a natse, a kuma ba ta gadon ƙasa kusa da ƙofa saboda tashin asuba.