Amsa: ƙanwarki da rubutun Ingilishi

Hajiya, kin tambaya yadda za ki taimaki ƙanwarki mai shirin BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, da rubutun Ingilishi. Ina koyar da yara biyu a gida nan Tawa, kuma na lura Faransancin lakwal ne ke rikita su. A Faransanci "son" da "sa" abin da aka mallaka suke bi, a Ingilishi kuwa "his" da "her" mai abin suke bi, daidai da littafinsa da littafinta. Ranar da na rubuta hakan a kayen ɗayarsu, dariya ta yi, wai ashe Hausa ce!

Ki sa ƙanwarki ta rubuta jimla 5 kowane dare kan kasuwa ko girki. Kada ki cika takardar da jan biki, kuskure ɗaya ki ja wa layi, ta gyara da kanta.