Tambaya da Amsa: An cire wa ɗiyata ƙari a ƙwaƙwalwa, me ya sa har yanzu take shan magani?

Tambaya: Likita, ɗiyata shekararta 12. Shekara huɗu ke nan da aka cire mata ƙari a ƙwaƙwalwa, irin wanda ake kira kiraniyofarinjiyoma. Hoton MRI ya nuna bai dawo ba, amma ba ta tsawo, ƙiba sai ƙaruwa take yi, a makaranta ma tana baya. Kakarta ta ce a daina ba ta ƙwayoyi tunda ta warke, wani mai magani kuma ya ce zai wanke mata jini. Ina tsoron makomarta.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Yawancin yaran da suka yi wannan ƙari suna rayuwa har su girma, domin ba daji ba ne. Matsalar wurin da yake fitowa ce: dab da fituwitari, wata ƴar halitta mai girman ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa, wadda ke sarrafa sinadaran girma, na balaga, na maƙoshi, da na riƙe ruwa a jiki. Gajartar daga nan take, kuma akwai allurar sinadarin girma idan gwaji ya tabbatar. Ƙibar kuwa daga lalacewar cibiyar ƙoshi ce da ke sama da fituwitari, ba kwaɗayi ba, kada a riƙa yi mata gori.

Maganar kakarta ce ta fi tayar min da hankali. Kullum muna jin ta: "hoto ya fito fes, ai an gama." Ba a gama ba. Waɗannan ƙwayoyi ba maganin ƙari ba ne, madadin abin da jikinta ya daina yi ne, kuma mafi yawansu har abada. Idan tana kan haidirokotizon, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin da ke taimaka wa jiki jure rashin lafiya, aka daina ba ta, zazzaɓin cizon sauro ko amai da gudawa kaɗai na iya sa ƙarfin bugun jininta ya faɗi, sikari ya sauka, ta suma cikin ƴan awanni. A ranar zazzaɓi ma ninka mata ake yi, biyu ko uku yadda likitanta ya rubuta, idan kuma tana amai sai allura a asibiti nan take. Mai wanke jini bai san wannan ba, kuma ranar da ta faɗi ba za ki same shi ba. Idan tana shan desmofuresin saboda yawan fitsari, kada ta ɗauki azumi sai likita ya amince.

Ki ci gaba da kai ta wurin likitan sinadaran jiki na yara, irin waɗanda ke asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Shika. A riƙa auna tsayinta duk wata uku zuwa shida, a duba idanunta, domin jijiyar gani ta bi ta wurin, a kuma maimaita MRI tunda ƙarin yakan dawo. A aji a zaunar da ita a gaba, a ƙara mata lokaci. Idan balaga ta yi jinkiri akwai sinadaran da ake ba ta, kuma da yawa sun yi aure, wasu sun haihu da taimakon likitocin haihuwa.