Tambaya da Amsa: Me Zan Rasa In Ban Fita Koyon Aiki a Asibiti Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun CHEW, wato aikin kiwon lafiyar al'umma, a nan Daura. Jarrabawa ba ta ba ni wahala, amma zuwa koyon aiki a asibitocin karkara yana cin kuɗin mota da lokaci. Wasu ƙawayena kan kai littafinsu a sa musu hannu ba tare da sun leƙa ba. In na bi sahunsu, me zan rasa? Daga wata ɗaliba, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Aikin ne kacokan za ki rasa.

Ɗauki ƙirga numfashin yaro mai tari. Kin haddace cewa daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya alamar nimoniya ce, daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5 kuma 40. To amma yaro na ganin farar riga sai ya tsala ihu, lissafi ya rushe. Wadda ta goge a aiki takan bar shi a cinyar uwarsa har ya lafa, ta ɗaga rigarsa a hankali, ta ƙirga minti ɗaya cur. Ba ta ƙirga daƙiƙa 15 ta ninka sau huɗu, domin numfashin jariri yakan yi sauri ya sassauta. A lokaci guda kuma idonta na kan ƙasan haƙarƙari, ko yana loɓawa in ya ja iska. Wannan loɓawar, sai kin gan ta a ƙirjin yara da yawa kafin ki daina kokwanto.

Haka awon damtse na gano tamowa. Ana ɗaura ma'aunin a hannun hagu, tsakanin kan kafaɗa da gwiwar hannu, ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne a ma'aunin, wato tamowa mai tsanani. In kika matse, kin mayar da mai sauƙi mai tsanani. In kika sassauta, kin sallami wanda ke cikin haɗari. Sabon hannu kuma yakan manta da danna bayan ƙafafu na daƙiƙa 3 don duba kumburin tamowa, alhali yaro mai kumburi na iya tsallake ja.

Gwajin maleriya ma, in layin da ke tabbatar da cewa abin gwajin ya yi aiki bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake.

Sai magana da uwa, wadda ba a koyonta a allo. Ki ce mata ta dama ORS, garin gishiri da sukari na masu zawo, a "lita ɗaya", ta amsa da to, a gida kuwa ba ta da abin aunawa. Ce mata leda biyu ta fiya wata, abin da ya kwana a zubar, maganin zinc kuma a ci gaba da shi kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya.

In kuɗin mota ne ya yi nauyi, ki nemi a tura ki asibiti mafi kusa, kada kuma ranar awo da ranar rigakafi su wuce ki. Ki maƙale wa babbar ma'aikaciya guda, ki roƙe ta ta bar ki ki yi da hannunki tana kallo, sannan ta sa hannu a littafin.