Koyon gyaran waya a Ikeja bayan an hana acaba

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a su Ikeja da Surulere a 2022 kake ta buga-buga, yanzu kana so ka koyi gyaran waya a Computer Village, babbar kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, amma ba ka san ta ina za ka fara ba.

To gaskiya ogan da zai koya maka shi ne komai. Kar girman shago ya ruɗe ka, je ka zauna ka lura da wanda kwastoma ke dawo masa da fara'a har su jawo abokansu. In ka samu, ku rubuta yarjejeniya a gaban wani dattijo na unguwarku, nawa za ka biya, wata nawa za ka yi, don wasu ogogin aiken siyo abinci kawai za su riƙa yi maka har shekara ta ƙare ba ka taɓa riƙe sukundireba ba.

Canjin sikirin kowa ya iya, kuɗin yana wajen gyaran allon cikin wayar, wato ka iya auna wuta da mita, ka ɗaga ƙaramin fat, wato ɗaya daga ƴan kayan da ke manne a jikin allon, da iska mai zafi ba ka ƙona na kusa da shi ba. Da dare ka duba bidiyon gyaran waya a YouTube, kuma ka dage da Burokan da ɗan Yarbanci, da su ake ciniki.

Wayar da ba ka san asalinta ba kar ka yarda ka cire mata makulli, ta sata ce ke kai mutum ofishin ƴan sanda.

Maganar jari kuma, LSETF, wato asusun samar da aikin yi na jihar Legas, na ba da rance amma sai kana da katin LASRRA, wato katin shaidar mazauna jihar Legas, ka je ofishin LSETF ɗin da kanka su yi maka bayani, kar ka ba wani ɗan tsakiya ko sisi.